Faɗuwar Da Auta Ta Auna

Shafi na 19

Masu cika min akwatin saƙo da "wai ina labari ya tsaya", ga shi nan, ku sarara min haka. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuto cewa Auta munafuka ce, karanta na yau tukuna, in kin gama sai mu yi magana. Sababbin shigowa, ku matso in kama muku hannu. 'Yan'uwa biyu ne, Yaya da Auta. Kyamis ɗaya mahaifinsu ya rasu ya bar musu, kuma jarrabawa ɗaya suke shirin zaunawa, ta shiga makarantar kasuwanci ta masu neman digiri na biyu. Mama ta ce ba za a rufe kyamis ba, kuma ita ba za ta zaɓi ɗaya cikin 'ya'yanta ba. Wadda makinta ya fi ta tafi karatu, ɗayar ta zauna ta riƙe makulli. Asabar ɗin nan ce jarrabawar.

*

Auta ta kasa zama wuri ɗaya.

Ta zauna a kujerar roba, ta miƙe. Ta leƙa taga, ta dawo. Ta buɗe jaka ta taɓa makullan kyamis, ta rufe, ta sake buɗewa. Tun da aka fara karatun nan makullan suke jakarta, wai don ita ce mai sammakon buɗe shago. Haka dai ta ce wa Mama.

Ɗakin darasin a saman shagon wani tela yake, ƙarar keken ɗinki na hawowa ba ƙaƙƙautawa. Sauran ɗalibai sun watse. Su biyu kaɗai Malam Agogo ya ce su tsaya, kuma duk wanda ya san mutumin nan ya san ba ya tsayar da ɗalibi don ya yabe shi. Agogo suka laƙaba masa, don ko gaisawa kuke yi sai ya saci kallon hannunsa.

"Ke, zauna mana, kina sa ni jiri," in ji Yaya.

Ita hankalinta kwance. A gwajin yau ma ta wuce Auta, kamar na makon jiya, kamar na wancan makon. Har tsokana take yi, wai Auta mai ƙwaƙwalwar gidansu ta haɗu da gamonta. Auta ta yi 'yar dariyar da ba ta wuce leɓe ba.

Malam ya jawo kujera ya zauna gabansu. Da farko ya tambaya ko kowacce ta duba lokacin da aka ba ta ranar Asabar. Ya ce kujerun sun cika maƙil, ga mutane can sun zuba ido a waya suna jiran wani ya janye su cafke, kuma babu wani zama sai bayan makarantar ta rufe karɓar ɗalibai. Yaya ta nuna masa wayarta, nata na safe ne.

"Ke fa?"

"Ni ma kusan haka," in ji Auta, idonta a kan fanka.

Ya ɗan daɗe yana kallonta. Sai ya kalli agogo, ya juya wajen Yaya.

Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce mata makinta sauka yake yi, a hankali, ba ta lura ba ne saboda kullum da na ƙanwarta take aunawa. Ya ce da makin da take kai yanzu, ko ta wuce Auta sau goma, makarantar ba za ta kalle ta ba.

Murmushin Yaya ya ɗauke.

Ya ce ya zauna ya bi kurakuranta ɗaya bayan ɗaya, don a wurinsa wanda bai koma ya tambayi kansa dalilin faɗuwarsa ba, bai yi karatu ba, ya dai ɗumama kujera ne. Kuma duk a wuri ɗaya ya same su. Akwai wata irin tambaya a jarrabawar nan da ba amsa ake nema a wurinka ba. Za a ba ka bayani biyu, a ce ka faɗa: ɗaya ya isa a gane amsar, ko sai an haɗa biyun?

"A ce na tambaye ki ko kyamis ɗinku a buɗe yake," in ji shi. "Bayani na farko, ga mutum nan yana fitowa da magani a leda. Na biyu, yau Laraba. Wanne kike buƙata?"

"Na farko ya isa."

"To me ya sa a gaban kwamfuta kike haɗa biyun? Da kike zuwa nan da farko ba kya yi. Yanzu da lokaci ya fara ƙure miki sai ki ruga ki haɗa, kuma nan ne ramin da masu jarrabawar suka haƙa. Wa ya koya miki?"

Yaya ta yi dariya, ta nuna ƙanwarta da haɓa.

"Auta ce. Ta ce in kana shakka ka haɗa biyun, ya fi tsaro."

Jama'a, ku dubi Auta. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta faɗa shagon tela.

Malam ya cire tabarau ya goge a hankali. Ya ce abin mamaki, ita Autar ba ta yarda da wannan dokar ba. Ya ce yau da gangan ya tsaya bayanta tana gwaji. Ya ga ta warware tambaya a takarda, ta zagaye amsar daidai. Sai ta kai 'yar kibiyar kwamfuta kan amsar nan, ta tsaya, ta saci kallon inda Yaya take zaune, ta gangara ta danna wata. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Masu wuyar da ke kayar da kowa ta cinye su, masu sauƙin da ko a barci za ta amsa su take zubarwa.

Ya juyo ga Auta.

"Kin ɗauka na'urar nan sikelin magani ce, ko? Ki rage kaɗan a nan, ki ƙara kaɗan a can, ki sauka daidai ƙarƙashin yayarki. Ba haka take aiki ba. In kin ci, ta ba ki mai wuya, ta ɗaga ki. In kin faɗi mai sauƙi, ta ɗauke ki ba ki san komai ba, ta ja ki ƙasa. Yayarki tana sauka, ke kina bin ta kina ƙara sauka. Ku biyun rami ɗaya kuka nufa."

Keken tela ma ya yi shiru kamar an gaya masa.

Malam ya miƙe, ya ce bari ya sauka ya sha shayi. Mutumin da ba ya shan shayi da rana, ku dai gane.

Ƙofa na rufuwa Auta ta matso.

"Yaya..."

"Tsaya nan inda kike."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ne ya fi tayar wa Auta hankali. Yaya mai faɗa ce. In ta yi ihu an san za a shirya kafin a kai gida. In ta yi sanyi haka, to abin ya kai ƙashi.

Ta miƙe ta fara kai da komo tsakanin teburan, tana magana kamar da kanta take. Ta ce bari ta jera abin yadda kanta zai ɗauka. Auta ta san amsar daidai. Auta ta koya mata ta kuskure. Auta ta kwantar da kai tana nuna ita ba ta iya ba, don Yaya ta saki jiki ta rage karatu. Sai ranar Asabar a shiga, Auta ta zage ta yi abin da ta iya, Yaya kuma ta haɗa biyu-biyu ta faɗo.

"Haka ne lissafin?"

"Wallahi ba haka ba ne."

"To yaya ne? Ina ji."

Matsalar Auta ke nan, ku da kuke zaginta. Hanya biyu ce gabanta kuma duk da ƙaya. In ta yi shiru, ta zama maciya amana. In ta faɗi gaskiya, ta taɓa wurin da Yaya ba ta yafewa. Don ranar da Mama ta yanke hukuncin nan, Auta ta ce ita ta haƙura, Yaya ta tafi kawai. Yaya ta buga tebur ta ce ita ba mabaraciya ba ce, ba ta son sadakar kowa, a zauna jarrabawa a gani.

Ta zaɓi gaskiyar.

Ta ce tun gwajin farko ta gane abin ba ya ba ta wuya. Ta fito tana murna, sai ta tarar da Yaya a matakala ta haɗa kai da gwiwa. Yayar da ta ajiye nata burin tun rasuwar Baba ta tsaya bayan kanta, tana fama da masu kawo kaya da masu ƙorafi, har ita Auta ta gama makaranta. Yayar da har yau take ajiye hoton makarantar nan a fuskar wayarta. Daga ranar ta fara ragewa.

Dokar haɗa biyun kuwa, ta ce, ba ta taɓa nufin koyar da ita ba. Wata rana ce suna bita a kyamis, babu ciniki, ta zaɓi amsar banza a gaban Yaya don a ga ba ta iya ba. Yaya ta tambaye ta dalili. Ba ta shirya ƙarya ba, sai ta cafko abin da ya fi kusa da bakinta, maganar Baba, da kullum yake ce musu kada su miƙa magani da takardar likita kaɗai, su haɗa da abin da mara lafiya ya faɗa da bakinsa, biyu ta fi tsaro.

"Ban san za ki riƙe ba, Yaya."

Yaya ta tsaya cak.

"Ba ki san zan riƙe ba."

Ta yi wata dariya mara daɗin ji.

"Ke kin san abin da ke faruwa da ni in lokaci ya ƙure? Lambobin lokacin nan na kusurwar kwamfuta suna gudu, hannuna na zufa, kaina ya ɗauke ɗif. A lokacin muryarki nake ji. Tun kina firamare in kin ce abu kaza ne a lissafi, ban taɓa dubawa ba. Kuma kika sa min shi da maganar Baba. Ta ina zan ƙi riƙewa?"

Hawaye ya zubo wa Auta. Yaya ko gezau.

Ta ci gaba da zagaye ɗakin. Ta ɗauki alƙalamin Malam ta ajiye, ta gyara kujerar da ba ta karkace ba. Ta ce abin da ya fi ci mata rai ba makin ba ne. Makonnin nan ne da take komawa gida tana ce wa Mama yau ma ta wuce Auta, tana rawa a tsakar falo, Mama na dariya. Ashe ƙanwarta na gefe tana kallonta kamar yarinyar da aka bar wa tsere don kada ta yi kuka. Ta ce da cin amanar ce ma da ta fi mata sauƙi, don wanda ya yi maka makirci aƙalla ya ɗauke ka abokin karawa.

"Ke kuwa tausayina kika ji."

"Sonki nake yi, Yaya."

"Na sani. Shi ya sa ya fi zafi."

Ta je ƙofa ta leƙa matakala ta kira Malam. Ashe bai yi nisa ba, yana tsaye a tsakiya ba shayi ba dalilinsa. Ta ce ya kunna wa Auta gwaji, ɓangare ɗaya ya isa, wannan mai bayani biyu-biyun. Malam ya fara cewa yau an gaji, a bari kai ya huce. Ta ce ita ba ta gaji ba.

Ta jawo kujera ta ajiye daf da bayan ta Auta, har gwiwarta na taɓa ta.

"Zauna. Ki yi tsakaninki da Allah. In na ga kibiyar nan ta tsaya ta gangara, ko sau ɗaya, ni da ke sai dai gaisuwa."

Auta ta zauna, ta share fuska da gefen mayafi.

Tambayar farko ta fito, ta amsa. Ta biyu, ta amsa. Kanta ya riga ya kama hanya, kun san yadda mai iyawa yake, ko yana kuka aikin na fita. Inda ta ga tambaya za ta ci mata lokaci ba ta tsaya kokawa da ita, ta kawar da amsoshin da ba za su yiwu ba, ta zaɓa, ta wuce ba waiwaye. Tambayoyin suka fara tsauri. Suka ƙara. Malam ya sunkuyo ya raɗa wa Yaya cewa in ta ga suna ƙara wuya haka kada ta tsorata, alamar mutum na hawa ne.

Yaya tana ƙoƙarin bi da ido. Da farko tana warwarewa a zuci tare da ƙanwarta. Can sai ta ga kafin ta gama karanta tambaya Auta ta danna ta wuce. Can gaba kuma ta karanta wata har ƙarshe, ta sake karantawa, ba ta ma gane me ake tambaya ba. Ƙafarta da take ta kaɗawa tun ɗazu ta tsaya da kanta.

Auta na jin numfashinta a bayan wuyanta. Sau ɗaya kibiyar ta yi kamar za ta gangara, don hannu ya saba. Yaya ta ɗora yatsa ɗaya a kafaɗarta. Kibiyar ta koma.

Da makin ya fito, Malam Agogo ya matso da fuskarsa kusa da kwamfutar, ya ja baya, ya sake matsowa. Ya ce tun da ya buɗe wurin nan bai taɓa ganin irinsa a ɗakin nan ba. Ni dai abin da na lura, tun da aka fara gwajin nan bawan Allah bai kalli agogonsa ba.

Yaya ta daɗe tana kallon lambar. Fuskarta ba fushi, ba murna, sai wata irin gajiya da ta sa ta yi kama da Mama.

"Ashe haka kike," ta ce a hankali. "Wannan kike so ki binne a bayan kanta, kina ƙirga ƙwayoyi a leda."

Ta miƙa hannu ta ɗauki jakar Auta daga kan tebur. Ta zuge, ta lalubo makullan kyamis, ta jefa a tata jakar. Ƙararsu ta cika ɗakin.

"Mai zama ke riƙe makulli. Haka Mama ta ce."

"Yaya, ki ba ni, don Allah. Akwai sauran kwanaki, Malam zai gyara miki, dokar nan kawai za ki cire daga kanki..."

Malam ma ya sa baki. Ya ce gaskiya ne, kuskure ɗaya ne take maimaitawa, kuma irinsa ya fi saurin gyaruwa. In ta zauna kan irin tambayar nan kaɗai daga yau zuwa Juma'a, tana gwada kowane bayani shi kaɗai kafin ta ko kalli ɗayan, makinta zai iya komawa inda makarantar za ta duba ta.

Yaya ta gyaɗa kai, ta ce ta gode, ta yarda zai iya gyaruwa. Amma ta san ƙanwarta. Muddin tana cikin ɗakin jarrabawar nan ranar Asabar, Auta za ta saci kallonta ta gangara da kibiya, ko an sa ta rantsuwa. Hanya ɗaya ce za ta sa yarinyar nan ta yi abin da ta iya, a cire mata wadda take tausayi daga ɗakin.

Ta ciro wayarta.

Auta ta ga ta buɗe shafin rajista, wanda ta nuna wa Malam ɗazu. Ta ga inda babban yatsanta ya nufa, wajen soke rajista.

Akwai maganar da ya kamata ta faɗa tun ɗazu, tun da Malam ya tambaye ta lokaci ta kalli fanka. Tsoro ne ya riƙe ta, ba wani abu ba, tsoron ƙara wa Yaya wani ciwon a kan wanda ta sha yau. Ta miƙe, kujera ta kife a bayanta.

"Yaya, tsaya, kar ki..."

"Kin yi min naki, bari in yi miki nawa."

"Ban yi rajista ba."

Yatsan Yaya na kan wayar.

"Me kika ce?"

"Ban taɓa yi ba. Ba ni da kujera ranar Asabar. Niyyata in raka ki ƙofa, in zagaya in buɗe kyamis, in dawo in ce na faɗi."

Malam ya dafe kai. Daga ƙasa keken tela ya ci gaba da ƙara.

Yaya ta kalli ƙanwarta, ta kalli wayar. Sai ta juyo da ita a hankali, ta ɗaga ta saitin fuskar Auta.

An soke. Kujerar ta koma hannun masu jira.